Da tafiya za ka fara, ba da gudu ba

Malam, ka ce tumbi ya matsa maka, kana so ka fara gudu kullum da asuba kuma ka daina cin tuwo gaba ɗaya. A gaskiya ban ba ka shawarar ko ɗaya ba. Fara da tafiya mai sauri ta minti 30 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, wato minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa babba ya samu. Bayan mako uku sai ka riƙa sassarfa na minti ɗaya, ka yi tafiya minti biyu, ka maimaita. Tuwo kuwa rage malmala za ka yi, ka ƙara miyar ganye, zogale, wake da ƙwai. Abin da ya kamata ka yi wa sallama shi ne lemon kwalba da shayin mai shayi da ake zuba wa madara da sukari kamar ba gobe.

Ni da na fara, da zafin nama na shiga, kullum gudu a kan kwalta da silifas. Kwana tara gwiwa ta kumbura, na zauna wata guda, nauyin ma ya ƙaru. Jiki mai nauyi sai a hankali gaɓoɓi suke sabawa, don haka nemi takalmi mai taushin ƙasa, ka bi filin ƙwallo idan akwai kusa. In kana da hawan jini ko ciwon suga, ka fara ganin likita tukuna.