Tambaya da Amsa: In An Faɗa a Labari, Dole Ya Faru?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, gidanmu yana Mabera. Ni da abokina mun kalli fim ɗin nan mai dogon zango, Game of Thrones, a waya tun daga farko har ƙarshe, sannan muka koma kan littattafan Joj Martin da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsu. Wata uku ke nan muna gardama a teburin mai shayi. A labarin an daɗe da faɗin cewa wani ɗan sarki zai zo ya ceci duniya daga dogon dare. Ni na ce Daneris ce mai dodanni, shi ya ce Jon na. Har mun yi alkawarin wanda aka kayar zai sayi kilishin dubu biyu. Shin annabcin da ke cikin labarin nan abin dogaro ne? Na biyu, yayana ya ce karatun nan da zuwa wurin boka duk ɗaya ne. Mi kag gani?

Daga wani mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗana. Bari in fara da gyara maka kalma kafin mu shiga gardamar kilishi. Annabta ta Annabawa ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su. Abin da ke cikin littafin nan duba ne, da mafarki, da faɗin tsofaffi. In ka kira shi da sunansa, rabin rigimarka da yayanka ta mutu.

Sai tambayarka. A irin wannan labari kalmomin duba ba su cika faɗuwa ƙasa ba. Mai fassara su ne yake kwasar kunya, kuma kusan kullum inda yake yin tuntuɓe shi ne inda ya cusa son ransa ko tsoronsa.

Ɗauki sarauniya Sarsi. A littafi na huɗu, wanda ya fito a 2005, aka nuna mana ranar da ta je rumfar wata tsohuwar bokanya tana 'yar shekara goma. Tsohuwar ta tsotsi jini a ɗan yatsanta, ta ce mata ba yarima za ta aura ba, sarki za ta aura. Za ta haifi 'ya'ya uku kuma za ta ga likkafaninsu. Wata da ta fi ta ƙuruciya da kyau za ta ture ta. Daga ƙarshe valonqar zai shaƙe ta. Kalmar ta wani tsohon harshe ce na cikin labarin, ma'anarta ƙane. Ƙanen wa? Ba a faɗa ba. Sarsi ta yanke cewa Tiriyon ne, wadan ƙanenta da dama can ta tsana. Ta yi shekaru tana ƙuntata masa, har ta sa lada a kan kansa aka yi ta kawo mata kawunan wadannin da ba su ji ba ba su gani ba. Ta manta cewa Jemi, ɗan tagwaicinta da take so, shi ma bayanta ya faɗo, riƙe da ƙafarta. Shi ma ƙane ne. Haka ta yi da matar ɗanta: ta ga yarinya mai kyau, ta ce ai ga wadda aka faɗa, ta haƙa mata rami, ramin ya rufta da ita.

Na san wannan hali tun kafin in san littafin. Ina yaro a Runjin Sambo wata goggona ta ja ni rakiya wurin wani ɗan duba, don shagon mijinta ya karye. Ina iya tuna ɗakin: duhu, warin turaren wuta, da farin yashi a kan buzu. Ya baje yashin da tafin hannu, ya dangwala layuka da yatsu, ya shafe, ya sake, ya jima yana kaɗa kai. Sai ya ce: "Makusanci ne. Kuna cin tuwo kwano ɗaya." Goggo ta ajiye kuɗi muka fito. Kafin mu kai bakin titi ta riga ta kama sunan facalarta. Shekara bakwai ba su gaisa ba. Da na girma na yi lissafin mutanen da ke cin tuwo kwano ɗaya da goggo, sun fi ashirin, har da ni. Maganar kamar babbar riga ce, duk wanda ka jefa wa sai ta zauna masa. Shagon kuwa bashi ne ya cinye shi, kowa a gidan ya sani.

Ka ga matar nan mai jajayen kaya, Melisanda, da ke kallon wuta tana faɗin abin da zai zo? Ita ce ta fi koya wa mai karatu yadda ake karanta littafin. Abin da take gani yakan faru, amma sau nawa ta sa masa sunan da ba nasa ba? Ta hango Renli, ɗaya daga cikin masu neman gadon sarauta, cikin koren sulkensa yana tarwatsa rundunar yayansa Istanis, wanda ita take yi wa hidima, a gindin ganuwar babban birni. Aka kashe Renli don a toshe wannan hanya. Ranar yaƙi sai ga koren sulken ya fito ya tarwatsa rundunar, wani jarumi ne daban ya sa shi. An gudu ba a tsira ba. Kisan ma shi ya kora wasu daga cikin mutanen Renli wajen abokan gaba. A littafi na biyar, na 2011, ta ce wa Jon ta ga ƙanwarsa tana gudowa a kan doki mai shirin mutuwa. Yarinya ta iso, doki ya iso, amma 'yar wani gida ce daban. Matar ta ga hoto ne, ta yi masa suna da abin da take so Jon ya ji.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mafarkin yaron nan da ya ce ya ga teku ta malalo ta cinye Wintafel, garin da ke can tsakiyar tudu, nesa da kowane gaɓa. Wani dogari da aka ce yana cikin waɗanda ruwan zai ci ya daina wanka, ya daina zuwa kusa da rijiya, ya yi ta tsami har 'yan'uwansa suka kama shi suka dulmiya a baho yana kururuwa. Teku ta zo kuwa: mayaƙan tsibiri ne suka hauro ganuwa da dare, shi ne suka fara kashewa. Ya ji tsoron guga, ajalinsa yana hannun mai ƙafa biyu.

Kada kuma ka ce duk abin da aka faɗa ya cika. Tsofaffin matan mahaya dawaki, ƙabilar mijin Daneris, sun yi shelar cewa ɗan da ke cikin Daneris zai mallaki duniya. Ɗan bai zo da rai ba. Masu son littafin suna ta lanƙwasa maganar, wai babban dodonta ake nufi. Wataƙila. Amma in ka yarda a riƙa lanƙwasa kowane duba bayan abu ya faru, to ba dubar da za ta taɓa yin ƙarya, har ta ɗan duban goggona.

To, ɗan sarkin da kuke gardama a kansa. Alamomin da aka bayar su ne haihuwa cikin gishiri da hayaƙi, ƙarƙashin tauraro mai zubar jini, da tada dodanni daga dutse. Kai kana da hujja mai ƙarfi. Daneris an haife ta a tsibiri cikin hadari, ta shiga wuta ta fito da dodanni uku daga ƙwai da suka zama dutse, jan tauraro mai wutsiya kuma ya bayyana a lokacin. Tsohon masanin nan makaho da ya haura shekara ɗari ya goyi bayanka kafin ya mutu: ya ce kuskuren daga fassara ya shigo, don kalmar asali ba ta bambance namiji da mace ba, mutane ne suka yi ta neman ɗa namiji. Wannan ya kamata ya yi wa Bahaushe daɗi, mu da ko "kai" da "ke" sai mun raba. Abokinka shi ma bai tashi a tutar babu ba. Melisanda ta roƙi wuta ta nuna mata gwarzon da take jira, tana zaton Istanis za ta gani, wutar ta yi ta nuna mata Jon, ita kuwa ta kasa gane abin da ke gabanta.

Dubi jan tauraron nan ma. A littafi na biyu, na 1998, kowa ya ɗaga kai ya gan shi, kowa ya ce nasa ne. Fadawan yaron da ke kan gadon sarauta suka ce albishir ne ga mulkinsa, mutanen arewa suka ce tutar ɗaukar fansa ce, wata tsohuwa mai tatsuniya ta ce dodanni ne. Tsohuwar ce ta fi kusa da gaskiya, ita ce kuma ba ta da abin da za ta samu.

Shi ya sa in na gamu da duba a irin wannan littafi nake tambayar wa ya faɗa, da wane harshe, ta bakin mutum nawa ta biyo kafin ta iso, kuma wa zai ci riba in an yarda da ita. Sannan ka tuna akwai mai alƙalami a bayan labule. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse. Marubucin da ya ba ka alama uku a fili yana so ne ka kalli can yayin da yake shirya abu a nan. Ni dai inda ya fi haskawa da fitila nan na fi zargi.

Fim ɗin ba zai raba ku ba. An yi shi daga 2011 zuwa 2019, an raba shi kashi 73, kuma ya wuce littattafan ya bi hanyarsa. Maganar ƙanen nan ma cire ta aka yi daga bakin bokanyar, Sarsi ta mutu a ƙarƙashin ɓaraguzan gini. Littattafan kuwa bakwai Joj Martin ya yi niyya, na farko ya fito a 1996, biyar ne a kasuwa, na shida ana jira tun 2011.

Game da yayanka, kada ka raina maganarsa, yana kare maka abu mai tsada ne. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba har dare arba'in. Gaibu na Allah ne. Amma wanda ya karanta labarin sarauniyar da duba ta haukata bai je wurin kowa ya tambayi gobensa ba. Ni a wurina littafin ma yana bayan yayanka ne, don ban ga mutum ɗaya a ciki da ya bi duba ya ƙare lafiya ba. In akwai abin da zan ja maka kunne a kai, to tsiraicin da ke cikin fim ɗin ne, wannan kuwa ba sai an kai ga malami ba.

Mu Sakkwatawa ma ba baƙi ba ne a wannan fage, kuma namu ba tatsuniya ba ne. A zamanin Shehu Usmanu mutane sun ga alamomi suka fara cewa shi ne Mahadi. Shehu ya ɗauki alƙalami ya rubuta cewa ba shi ba ne, ya jera sifofin da aka ruwaito, ya nuna ba su hau kansa ba. Ga mutum an miƙo masa babbar riga ya ce ba tasa ba ce. Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1906, mutanen Satiru, kudu da birnin nan, suka ɗauka lokacin ya yi. Da fartanya da gatari suka karya rundunar Turawa a watan Fabrairu. A watan Maris aka dawo musu da manyan bindigogi, aka rushe garin, har yau kufai ne. In kun sami hutu, kai da abokinka ku hau kabu-kabu ku nemi mai kai ku ku gani.

Kilishi kuwa, kowa ya kawo dubu ɗaya ku saya yau, ku yaga wa mai shayin da ya yi wata uku yana sauraren ku. In kuka ce sai littafi na shida ya fito, ina jin tsoron dubu biyun ba za ta sayi ko yajin ba.