Burodi ne ke wahalar da 'yata? Wane likita zan nema?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. 'Yata mai shekara 9 ta fi shekara biyu tana fama da kumburin ciki da gudawa, ga rama, jininta kullum ƙasa. Sau uku ana ba ta maganin taifod a kemis. Na lura duk ranar da ta ci burodi ko taliya abin ya fi tsananta. Ƙanwata ta ce wataƙila cutar siliyak ce. Wa zan kai wa ita? Daga wata uwa, Yelwa, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Abin da zan fara roƙonki zai ba ki mamaki: kada ki hana ta burodi tukuna.

Siliyak cuta ce da garkuwar jiki ke far wa ƙaramin hanji duk lokacin da mutum ya ci gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir. Hanjin sai ya kasa tsotse amfanin abinci, shi ya sa jini ke ƙin hawa ko ana shan maganin ƙarin jini. A duniya, kusan mutum 1 cikin 100 na da ita. To gwajin jinin da ake fara yi, mai suna tTG-IgA, martanin da jiki ke yi wa alkama yake nema. Idan kika janye alkamar, sakamako zai iya fitowa lafiya lau alhali cutar na nan. Wannan kuskuren yana ci mini rai, domin uwa don tausayi take yinsa.

Maganar likita kuwa, ki bar kemis haka nan. Ki kai ta sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ki nemi a haɗa ki da ƙwararren da ke duba ciki da hanji. Mutanen Gombe kuwa, Asibitin Koyarwa na Tarayya ne nasu.

Likitan kirki za ki gane shi daga tambayoyinsa. Zai so jin me take ci, ya auna tsayinta da nauyinta, ya duba ko tsutsar ciki ce, ya tambayi ko akwai mai irin wannan a gida, domin cutar na bin jini. Idan gwajin ya nuna alama, yawanci sai a zura siririyar kyamara ta baki a ɗebo ɗan tsokar hanji a tabbatar. Wanda ya ce “ki daina ba ta fulawa kawai” ba tare da gwaji ba, nemi wani.

Ki tafi da tsoffin takardun gwajinta, ki kuma rubuta abincin da take ci na mako biyu a littafi ki tafi da shi.

In ta tabbata, za ta bar alkama har abada: burodi, taliya, gurasa, fanke, alkaki. Amma shinkafa, gero, dawa, masara, acca da doya duk nata ne. Ko masarmu ta Bauchi za ta ci, sai dai ki tambayi mai tuyar ko ta zuba fulawa a ƙullun.