Minshari da ɗaukewar numfashi kafin gwajin lafiyar matuƙin jirgi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce mai ɗakinka ta lura numfashinka yana ɗaukewa tsakiyar minshari, ga gwajin lafiya na sabunta lasisi ya ƙarato, kana tunanin yin shiru. Don Allah kada ka ɓoye. Wannan ciwon na ɗaukewar numfashi cikin barci (sleep apnea) yana da magani, ƙarya a takardar lafiya kuwa ita ce ke raba mutum da lasisi.

Likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya (NCAA) ta amince da shi zai auna tsayinka da nauyinka ya fitar da BMI, wato ma'aunin ƙiba, ya zagaya wuyanka da tef, ya auna jini, ya leƙa maƙogwaro ya ga ko harshe da belu sun matse hanyar iska. Likitoci da dama suna bin tambayoyi takwas na STOP-BANG: minshari, gajiya da rana, ganin numfashi ya tsaya, hawan jini, BMI sama da 35, shekaru sama da 50, wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Kowace amsar e maki ɗaya ce. Maki 3 zuwa 4 matsakaicin haɗari ne, 5 zuwa sama babba. Lura, namiji mai minshari da hawan jini ya riga ya kai 3, ko da siriri ne.

Wannan tantancewa ce kawai. Gwajin barci ne ke yanke hukunci: a ɗaura maka bel a ƙirji, siririn bututu a hanci, na'urar auna iskar jini a yatsa, a ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu na daƙiƙa 10 ko fiye a kowace awa. 5 zuwa 14 ƙarami ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama ya yi tsanani. Kada ka sha maganin barci a daren sai da izinin likita.

Ba don ƙuntatawa ake tsananta wannan ba. A 2008 matuƙa biyu sun yi barci a jirgin fasinja a Hawaii har suka wuce filin Hilo, daga baya aka gano kyaftin ɗin yana da ciwon mai tsanani.

In an tabbatar, yawanci CPAP za a rubuta maka, na'ura mai hura iska ta takunkumi don kada maƙogwaro ya rufe. Tana adana bayanin kowane dare, kuma shi likita zai karanta, ba bakinka ba. Hukumar jiragen sama ta Amurka (FAA) tana neman awa 6 a matsakaici, a kashi 75 cikin 100 na lokutan barci; ka tambayi likitanka abin da za a nema a nan.

A Kaduna, wuta ce ke ɓata wa mutane wannan lissafi. A ɗauke ta ƙarfe biyun dare, na'ura ta rubuta awa uku, don haka tanadi batir ko inbata tun farko. Da hunturu ƙura tana toshe matatar iskar na'urar da wuri, hanci ya bushe, mutum ya cire takunkumi cikin barci bai sani ba. Duba matatar duk mako, ka cika tulun ruwan na'urar mai sa iska danshi da tataccen ruwa. Ka nemi gwajin barcin tun yanzu, ka je wurin likita da sakamakonka a hannu.