Ku Tambayi Anti: Ina ƙarfin mace yake ɓoye a jikin zane?

Masu karatu barkanmu da wannan wata. Wasiƙun da suka shigo kusan duk a kan zane-zanen mata ne, na tsamo guda huɗu, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ɗaliba ce ina koyon zane, shekara ta biyu kenan. An ba mu aiki mu zana jarumar mace, ni kuma na zaɓi kakata don ita kaɗai ta riƙe 'ya'ya shida bayan rasuwar mijinta. Na zana ta a tsaye ta dunƙule hannu ta ɗaga sama ga rana a bayanta, amma da na gama sai na ga sam ba ita ba ce, kamar fostar kamfen. Ya zan yi in nuna ƙarfinta? Daga ɗiyarki mai koyo.

AMSA: 'Yata Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa kakarki lafiya. Idonki bai yi miki ƙarya ba, ba ita kika zana ba, kin zana abin da kike jin mutane suna so su gani ne in an ce jaruma. Bari in tambaye ki, tunda kike kin taɓa ganin kakarki ta dunƙule hannu ta ɗaga sama? Na san ba ki taɓa ba. To amma kin sha ganin yadda take ajiye hannuwanta a kan cinya in ta gaji, kin san jijiyoyin da suka fito raɗa-raɗa a bayan hannun, kin san yatsan da ya ɗan lanƙwashe ba ya miƙewa. Can za ki nufa, ki fara da hannu.

Ki ɗauki wayarki ki nemo aikin Artemisia Gentileschi, 'yar Italiya ce, an haife ta a Roma a 1593. Akwai tsohon labarin wata bazawara mai suna Judith wadda ta shiga tantin kwamandan da ya yi wa garinsu ƙawanya ta sare masa kai, masu zane da yawa sun zana wurin. Caravaggio ya zana kafin ita, Judith ɗinsa yarinya ce fes da fararen kaya ta ja jiki baya ta yamutsa fuska kamar tana ƙyamar abin da take yi. Artemisia kuwa da ta zana nata wajen 1612 sai ta naɗe wa matar hannun riga har gwiwar hannu, damatsan nan masu kauri, hannu ɗaya ya damƙi gashin mutumin ɗaya ya riƙe takobi, baiwarta kuma ta hau ta danne shi da dukkan nauyinta, wallahi kina kallo kina jin nishinsu. Mata biyu ne suna aiki mai wuya kuma sun ƙudura sai sun gama. Hoton akwai jini fa, in zuciyarki ba ta ɗauka ki kalli hannuwan kawai.

Abin da ke sa ni kasa ɗauke ido daga hannuwan nan shi ne abin da ya sami nata hannun. Tana 'yar shekara 17 wani mai zane abokin aikin babanta, Agostino Tassi, ya yi mata fyaɗe, aka shiga kotu a 1612 aka yi wata bakwai ana shari'a, kuma don a tabbatar gaskiya take faɗa sai aka ɗaure mata yatsu da igiya ana tamkewa, ita da aka zalunta, yatsun da take riƙe burushi da su. Ba ta canja magana ba. Bayan shekara huɗu, a 1616, ta zama mace ta farko da makarantar masu zane ta birnin Florence ta karɓa a matsayin mamba.

To amma kakarki ba takobi ta riƙe ba, shi ya sa nake so ki fi daɗewa a wurin Käthe Kollwitz, mai zane da sassaƙa ta ƙasar Jamus. Ɗanta Peter yana da shekara 18 aka kashe shi a Beljiyam a watan Oktoba na 1914, farkon yaƙin duniya na ɗaya. Ta ɗauki alƙawarin yi masa abin tunawa, ta fara ta rushe, ta ajiye ta dawo, ba a kafa shi ba sai 1932, shekara 18 kenan daidai da shekarun yaron a duniya. Kuma da aka buɗe ba soja aka gani ba, iyaye biyu ne na dutse a durƙushe, uban ya rungume ƙirjinsa ya sandare, uwar ta duƙa ta lulluɓe jikinta ta riƙe mayafin gam kamar shi kaɗai ya hana ta zubewa ƙasa, fuskar uwar kuma fuskar Käthe ce da kanta. Suna nan har yau a maƙabartar sojoji ta Vladslo suna fuskantar inda ɗansu yake kwance. Babu hannun da aka ɗaga sama a wurin, amma ni dai ban taɓa ganin mutum-mutumin da ya kai wannan uwar nuna abin da ake kira juriya ba.

Don haka ki ajiye fentin tukuna. Ki ɗauki fensir da takarda ki je ki zauna kusa da ita, ki ja ta da hira kan shekarar da ta fi mata wuya, kina saurare kina lura da abin da hannunta yake yi da inda idonta yake tafiya in ta yi shiru. Ki zana hannun kaɗai sau goma kafin ki taɓa fuska. Kuma ki roƙe ta izini, ki nuna mata in kin gama.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa. Ni namiji ne mai sassaƙa. Wata ta ce min namiji ba zai taɓa iya nuna abin da ke cikin zuciyar mace ba, wai in bar wa mata. Gaskiya ne? Daga wani mai bibiyar shafinki.

AMSA: Malam ina amsawa. Ban yarda da ita gaba ɗaya ba, sai dai kar ka yi saurin jin daɗi don akwai ƙamshin gaskiya a maganarta. Fuskar hauren giwa ta Idia, mahaifiyar Oba Esigie na masarautar Benin, maza masassaƙan fada ne suka yi ta a ƙarni na 16, ita ce Turawan Ingila suka kwashe a 1897 kuma ita aka yi tambarin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, da ita. Ka dubi idanun nan da aka zagaye da ƙarfe da bakin da ya ɗan buɗe, ka san wanda ya sassaƙa ya san matar da ta tsaya wa ɗanta har ya zauna daram a kan karaga, yana kuma jin nauyinta. Haka Mahmoud Mokhtar na Masar, a 1929 ya sassaƙa wata mata tana tafiya cikin iskar Khamasin mai ƙura, ta sunkuya ta tura jiki gaba mayafinta yana tashi a baya, dutse ne amma sai ka rantse iska na kaɗawa, kuma matar ba ta da niyyar juyawa.

Yanzu ga ɗaya gefen. A watan Maris na 1936 Dorothea Lange, mace ce fa, ta tsaya a wani sansanin 'yan ci-rani a Nipomo ta jihar Kalifoniya ta ɗauki hoton wata uwa 'yar shekara 32, ta tallafe haɓa da yatsu, yara biyu sun kifa kai a kafaɗunta sun ba kyamara baya, jariri a cinya. Hoton ya zagaya duniya ya zama fuskar talaucin Amurka na wancan zamani, gwamnati ta aika abinci sansanin saboda shi. Amma Lange da bakinta ta ce ba ta tambayi sunan matar ba. Sai a 1978 aka san Florence Owens Thompson ce, kuma ta nuna ɓacin ranta, ta ce ko kwabo ba ta samu ba. Ina son hoton nan ƙwarai amma duk sanda na kalle shi sai raina ya sosu, shekara 42 duniya na kallon damuwarta ba wanda ya san sunanta. Ka ga kenan zama mace kaɗai bai hana kuskuren ba. Ka ci gaba da sassaƙarka Malam, amma kafin ka ɗaga gizago ka tambayi sunanta da labarinta, kuma in ta ce maka ba haka take ji ba, ka yarda da ita ko da aikin ya yi maka kyau.

TAMBAYA: Anti wai ita Frida Kahlo ɗin nan da ake ta yayi, ba ta da abin zanawa ne sai fuskarta? Ni dai ina ganin son kai ne. Daga ƙanwarki.

AMSA: Ƙanwata ki ji yadda aka yi tukuna. 'Yar Meziko ce, an haife ta a 1907, shan inna ya taɓa mata ƙafar dama tun tana ƙarama, sannan a 1925 tana da shekara 18 motar bas ɗin da take ciki ta yi karo da taragon cikin gari, ƙarfe ya huda ta, ƙashin baya da na ƙugu suka karye. Wata da watanni tana kwance a rigingine, iyayenta suka sa aka yi mata allon zane da za ta iya amfani da shi a kwance aka maƙala madubi a saman gadon. To wa za ta gani in ta buɗe ido? Daga nan ta fara, ta bar hotunan kanta fiye da 50.

Kuma mai son kai gyara kanta take yi ta fito tsaf, ita kuwa Frida ko gashin girarta da ya haɗe ba ta rage ba. A wani zanenta na 1944 ta tsaga jikinta biyu, a madadin ƙashin baya ta sa ginshiƙin gini da ya farfashe, ga bel-bel na asibiti sun ɗaure ta, ga ƙusoshi a ko'ina, hawaye na zuba, amma kan a miƙe yake idon kuma cikin naki idon yake kallo, ba ya neman tausayi. Jikin a buɗe yake a hoton, na faɗa miki don ki sani kafin ki nema. A 1953 da aka yi baje kolin aikinta a Meziko likita ya hana ta tashi, sai ta zo a motar asibiti aka kwantar da ita a gadonta da aka kafa a tsakiyar zauren. A shekarar aka yanke mata ƙafa, ta rasu a 1954 tana da shekara 47. Duk macen da ta taɓa yin doguwar jinya ana ce mata ai kin warware alhali ita ta san abin da take ji, ta san me Frida take faɗa.

TAMBAYA: Anti ni malamar firamare ce, wane aiki zan nuna wa ɗalibaina mata wanda babu jini babu tsiraici?

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari. Ki nemo musu Elizabeth Catlett, baƙar fatar Amurka da ta koma Meziko da zama. Tsakanin 1946 da 1947 ta yi jerin hotuna 15 a kan baƙaƙen matan Amurka, ta sassaƙa su a jikin lino, irin ledar ɗakin nan mai kauri, ta shafa tawada ta buga a takarda. A ciki akwai Harriet Tubman ta miƙa hannu tana nuna wa bayi hanyar tsira, akwai Sojourner Truth mai fafutukar 'yancin bayi da mata, akwai marubuciya Phillis Wheatley, kuma a jere ɗaya da su ta sa mata masu goge daɓen gidajen mutane da masu aikin gona, ba ta rage wa kowa girma ba. Akwai ɗaya ko biyu a jerin masu nuna kisan gilla, ki duba ki ware su kafin ki shiga aji. In kin gama nuna musu sai ki raba takarda ki ce kowace ta zana hannun matar da ta fi yi mata wahala a rayuwa, ta rubuta sunanta a ƙasa. Ki turo min hoton abin da suka yi, ina jira.