Amsoshinku: Mura ce, ko wani abu ya fi mura?

Wata uwa daga Agege a Legas ta rubuto: "Ɗana mai shekara 3 yana tari da majina yau kwana 4, ko barci ba na iya yi. Wane sirof zan saya masa?"

Baiwar Allah, kwantar da hankalinki. In yana wasa, yana cin abinci, atishawa ce kawai da majina, to mura ce, takan wuce da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Ki yawaita ba shi ruwa, ki haɗa da ƙaramin cokali na zuma, amma ban da jaririn da bai cika shekara ba. Sai dai ki ɗaga rigarsa ki dubi ƙirjin. In numfashin na sauri ne, kuma ƙasan haƙarƙari na lotsawa duk sanda ya ja iska, bar zancen sirof, ki kai shi asibiti yau ɗin nan. Alamar namoniya ke nan, wato ciwon huhu.

Wani mai tumatir a kasuwar Mile 12 ya ce zazzaɓi ya kayar da shi dare ɗaya, gaɓoɓi kamar an lakaɗa masa duka, ya sha kafson antibayotik da ya saya a hannun mai talla cikin mota, har yanzu shiru.

Malam, mura ta yau da kullum a hankali take shigowa, ta hanci da maƙogwaro. Wadda ke kayar da mutum farat ɗaya da zazzaɓi da ciwon jiki ita ce infuluwenza, kuma zazzaɓin cizon sauro ma haka yake farawa. Gwajin jini a yatsa ne zai raba gardama, cikin minti 15 zuwa 20.

Kafson nan kuwa shi ke ɓata min rai. Mura da infuluwenza duk ƙwayar cutar bairas ke kawo su, antibayotik ba ya taɓa bairas. Ka yi asarar ribar kwandonka, ka kuma koya wa ƙwayoyin cutar jikinka jure magani. Wannan ma in na gaskiya ne! Maganin da ya wuni a tire, rana ta dafa shi, damina ta jiƙa kwalin, wa zai rantse maka a kansa? Mutum ya yi rabin awa yana cinikin albasa, amma ya haɗiyi abin da bai ga lambar NAFDAC a jikinsa ba. Je kemis mai rajista, dubi ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kwalin ka kankare ka tura lambar ta saƙon waya don tabbatar da ingancin maganin. Kada kuma ka haɗa maganin mura na Procold da farasitamol, domin akwai farasitamol a cikinsa, yawansa na lalata hanta.

Mai tambayar ko allura ta fi ƙwaya saurin kashe mura: babu allurar da ke kashe mura. Riƙe kuɗinka.

Alhajin Idi-Araba mai tambayar sirof ɗin tarin da ya daɗe yana damunsa: tarin da ya haura mako 2, ga rama, ga gumin dare, ba na sirof ba ne. Je a gwada kakinka. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati.