Shin tikitin bizines yana tsallakar da mutum layin jami'an shige da fice?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Garin Zariya, kuma ina shirin raka mahaifina Landan domin ganin likita. Shekarunsa sun haura 70, ba ya iya doguwar tsayuwa. Wakilin da ke yankar mana tikiti ya ce idan muka sayi kujerar bizines ba za mu bi layin jami'an shige da fice a ko'ina ba, tun daga Abuja har mu sauka, ko da mun yada zango a Doha ko Istanbul. Kuɗin ya ninka na ikonomi fiye da sau biyu. Shin maganar tasa haka take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka maka da alheri. Maganar wakilin naku tana da ƙamshin gaskiya, amma ya faɗaɗa ta fiye da yadda take, kuma tun da kuɗi mai yawa ake magana a kai, ya kamata a warware ta daki-daki.

Teburin da ake duba fasfo ba mallakin kamfanin jirgi ba ne. Gwamnatin ƙasar da aka sauka ce take da shi, ita ke ajiye jami'anta, ita ke yanke wa zai tsaya a wane layi. Abin da kamfanin jirgi yake da iko a kansa shi ne teburin auna kaya, da ɗakin hutawa, da tsarin shiga jirgi, da alamar da ake maƙala wa jaka domin ta riga sauran fitowa. Waɗannan mai tikitin bizines yana samunsu kusan ko'ina. Layin shige da fice na musamman kuwa ba ya samuwa sai inda kamfanin ya yi yarjejeniya da hukumar filin jirgin, galibi yana biyan kuɗi a kan hakan, kuma hukumar tsaron iyaka ta amince. Shi ya sa tikiti ɗaya zai buɗe maka ƙofa a wani gari, ya zama takarda kawai a wani.

Inda abin ya fi tabbata shi ne filin da kamfani yake ɗauka a matsayin gidansa. Qatar Airways a Doha, Emirates a Dubai, da Turkish Airlines a Istanbul duk suna da hanyar da suka ware wa fasinjojin sashen gaba, wato irin su masu tikitin bizines. Sai dai ga inda wakilin naku ya yi tuntuɓe: wanda ya yada zango kawai domin canza jirgi ba ya zuwa gaban jami'an shige da fice na wannan ƙasa tun farko, domin bai shiga ƙasar ba. Binciken tsaro na kaya da jiki kawai zai sake bi. Wato gatan da ake kwaɗaita muku a Doha ko Istanbul na layin da ba za ku tsaya a cikinsa ba ne, ko da a kujerar ƙarshe kuka zauna.

A Landan ne lamarin ya shafe ku kai tsaye. Filin Heathrow yana da tsarin da ake kira Fast Track, wato layin gaggawa, amma wanda aka fi dogara da shi shi ne na binciken tsaro lokacin tashi. Na masu sauka ya danganta da kamfanin da ya kawo ka da kuma tashar da ka sauka, kuma ƙa'idarsa ta sha canzawa, musamman tun annobar korona ta 2020. Abin da ke rage jira sosai a can shi ne ƙofofin na'ura masu karanta fasfo, waɗanda a 2019 aka buɗe wa 'yan Amurka, Kanada, Japan da wasu ƙasashe ƙalilan, ƙari a kan 'yan Birtaniya da Tarayyar Turai da suke amfani da su tun da farko. Fasfon Najeriya ba ya cikin jerin, kuma tsadar kujera ba ta shigar da shi. A Amurka ma, idan wata rana hanya ta kai ka, babu layin bizines a gaban jami'an iyaka. Tsarinsu na gaggawa, Global Entry, rajista ce ta shekara 5 da ake yi wa mutum bayan an bincike shi, ba ta da alaƙa da tikiti.

Ko a inda layin na musamman yake, jira kawai yake ragewa. Jami'in zai duba biza, zai iya tambayar takardar asibiti, da inda za ku sauka, da yadda za a biya kuɗin magani, da ranar komawa, daidai da yadda zai tambayi kowa. Saboda haka ku riƙe waɗannan takardu a jakar hannu, kada su shiga akwati. Akwai dai wata fa'ida ta gaske da ba a cika ambata ba: mutanen sashen gaba su ne suke fara fita daga jirgi, don haka sukan isa zauren kafin ɗaruruwan da ke bayansu. Amma idan wasu manyan jirage biyu sun riga ku sauka, wannan fa'idar ta tafi. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ba da shawarar a sallami masu sauka cikin minti 45, sai dai shawara ce, kuma a lokacin cunkoso akan wuce hakan.

Ga wanda yake cikin halin Baba, akwai hanyar da ta fi wannan tabbas kuma ba a biyan ko kwabo. Ka sa wakilin ya rubuta buƙatar keken marasa lafiya a cikin tikitin, aƙalla awa 48 kafin tashi, kuma ya nuna maka a rubuce cewa ta shiga kowane zango na tafiya da dawowa. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai doka ce ta wajabta wa filayen jirgi bayar da wannan taimako kyauta. Ma'aikaci zai tarbe shi a ƙofar jirgi, ya tura shi har gaban jami'in, galibi ta layin da aka ware wa masu buƙatar taimako, kuma yawanci akan bar ɗan rakiya ɗaya ya bi shi. Na san dattawanmu da yawa suna jin nauyin hawa keken, suna ganin kamar an mayar da su gajiyayyu. Ka lallashe shi tun daga gida, domin tafiyar ƙafa daga ƙofar jirgi zuwa zauren fasfo a Heathrow ko Istanbul tana da tsawon da ko matashi yakan ji a jikinsa. Wani lokaci akan ɗan jira kafin keken ya iso, amma a zaune ake jiran.

Idan aljihu zai ɗauka, akwai dalili mai kyau na saya wa Baba bizines, wato kujerar da ke miƙewa ta zama gado, ga mutumin da ya riga ya sha hanyar mota daga Zariya zuwa Abuja ko Kano kafin ya hau jirgi. Wannan hukunci ne da ya kamata likitansa ya sa baki a ciki. Amma idan layin shige da fice ne kaɗai dalilin ƙarin kuɗin, ka nemi wakilin ya faɗa maka sunan filin jirgin da za a ba ku layin, a tashi ne ko a sauka, sannan ka duba shafin intanet na kamfanin da kanka kafin ka biya.