Oga ya sallame ni ta WhatsApp, ko kotu za ta karɓi saƙonnin?

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Shekarata uku ina aiki a wani kamfani a Kakuri. Watan jiya manaja ya sallame ni ta WhatsApp, ina bin su albashin wata huɗu. Akwai saƙon murya da ya ce za a biya ni. Na ɗauki hoton allon hirarmu, amma wayar ta fara ba ni wahala, ina son sayar da ita. Hotunan sun isa hujja? Daga wani mai karatu a Kakuri.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Kafin komai, kada ka sayar da wayar nan, kada kuma ka miƙa wa mai gyara ya yi mata filashin. Ka kashe ta ka adana idan ta kama. Wayar ita ce tushen hujjarka.

Hoton allo yana da rauni, domin yaro ma zai iya haɗa na bogi cikin minti biyar, kuma abin da lauyan kamfani zai fara faɗa ke nan. Wani kuskuren da nake yawan gani: mutum ya ajiye lambar da sunan "Oga", hoton ya fito ba lamba. Wane ogan? Ka buɗe shafin bayanansa ka ɗauki hoton da lambar ta fito. Sannan ka shiga hirar, ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka zaɓi More, sai Export chat, tare da hotuna da muryoyi. Za ka samu fayil mai ɗauke da saƙonnin da ranarsu da lokacinsu. Ka tura wa imel ɗinka, ka ajiye kwafi a filas. Ka duba ko an kunna saƙonni masu ɓacewa, don suna goge kansu bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90.

Kada ka goge komai, har wurin da ka yi masa baƙar magana. Hirar da aka yi wa giɓi tana jawo zargi.

Rigimar albashi da sallama hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, kuma tana da reshe a nan Kaduna. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da hujjar da ta fito daga na'ura, amma yana son bayanin wace na'ura ce, yadda aka fitar da hujjar, da cewa tana aiki daidai a lokacin. A shari'ar Kubor da Dickson, ta zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan sashen ba. Kotun Ma'aikata tana da ikon sassautawa a kan Dokar Shaida don adalci, amma ni ba zan jingina albashin wata huɗu a kan sassauci ba. Lauyanka zai rubuta takardar shaidar da ke ɗauke da wannan bayanin na'urar, kai ka tanadar masa sunan wayar da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, wadda ke fitowa idan ka danna *#06#.

Imel ɗin ofis kuwa, idan kana da shi, ko da ba a toshe ba, kada ka sake leƙawa bayan sallama. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'ura ba izini. Abin da ke hannunsu, lauya ne zai nemi kotu ta sa su kawo.